Gudumar Lantarki Mai Fasa Kankare

Kowa ya san wahalar fasa kankare da hannu. Ƙato ya kan ɗauki babbar guduma tun da hantsi, ya yi ta duka har azahar. In ka je ka duba, sai ka tarar abin da ya fasa bai fi faɗin tabarma ba, ga tafin hannunsa duk ya yi bororo. To, akwai wani inji da ke yin wannan aiki cikin ɗan lokaci kaɗan. Sunansa gudumar lantarki, amma leburori sun fi kiransa jak-hama. Yau a kan ga irinsa har a ƙauyuka, wurin masu rushe tsohon daɓe, da masu gyaran kwalbati, da masu haƙar rami a cikin marmara. Waɗansu ma sun mai da shi sana'a, suna ba da shi haya.

Kafin mu yi maganar injin, bari mu fara sanin halin abin da za a fasa. Kankare siminti ne da yashi da tsakuwa da ruwa. In an kwaɓa an zuba, ƙarfinsa ya kan yi ta ƙaruwa, har kwana 28 ya kusa kai matuƙa. Amma yana da rauni guda ɗaya. In an danne shi da nauyi yana jurewa ƙwarai, in kuwa aka ja shi ko aka nemi tanƙwara shi, sai ya tsage. Ƙarfinsa wajen ja bai fi kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen danni ba. Shi ya sa magina su ke sa rodi a cikinsa. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Yadda ta ke aiki

Wani kamfanin Jamus mai suna Bosch ya fitar da gudumarsa ta lantarki ta farko a shekarar 1932. Dabarar da ke cikin irin na yau ba ta da wuyar ganewa. In an kunna, wuta ta juya inji. Injin ya riƙa tura fistin gaba da baya a cikin wani bututun ƙarfe. A gaban fistin akwai wani dunƙulen ƙarfe, kuma tsakaninsu iska ce kawai. In fistin ya matso, sai ya matse iskan, iskan kuwa ya wurga dunƙulen ƙarfen ya doki gindin kurfi, kurfin ya doki kankare. Kun san yadda zugazugin maƙeri ke tura iska. To, kusan haka ne, sai dai nan iskan ba shi da ƙofar fita.

Mai nauyin kilo 16 tana duka wajen sau 1,300 a minti ɗaya, watau fiye da sau 20 a sakan guda. Mutum da gudumarsa da ƙyar ya yi 20 a minti.

Suna da girma iri iri. Mai kilo 5 ko 6 ta bango ce da kankare shafe. Mai kilo 10 ko 11 tsaka-tsaki ce. Mai kilo 15 ko 16 ita ce ta daɓe da harsashin gini, kuma ita ta fi dacewa da mai neman abinci da haya a ƙauye. Akwai mai kilo 30, amma wannan ta masu aikin hanya ce.

In za ka saya

Kada ka biya kuɗi sai ka karanta ɗan farantin da ke manne a jikinta. Lambobi biyu za ka nema. Ta farko ita ce wadda harafin V ke bi. Wutarmu a Nijeriya da Nijar tsakanin 220 ce da 240. Ta Amurka kuwa 120 ce. A Ingila ma, kayan aikin da a ke amfani da su a wuraren gini 110 su ke sha, kuma a kan gane su da filogi mai launin rawaya. Irin waɗannan suna zuwa cikin kayan gwanjo, da arha mai daɗi. In ka sa su a wutarmu kai tsaye, sai ka ji ƙauri, kuɗinka ya tafi ke nan.

Lamba ta biyu ita ce wadda harafin W ke bi. Ita ke nuna yawan wutar da ta ke ci. Manya suna cin 1,500 zuwa 1,750, ko fiye. Ƙaramin janareton nan na kunna fitila da fanka bai kai 1,000 ba, saboda haka ba zai iya da ita ba. Nemi wanda ƙarfinsa ya kusa ninka nata, kamar 3,000, domin sa'ad da ta ke tashi ta fi jan wuta. Waya kuma a sami mai kauri. Siririyar waya mai tsawo tana rage ƙarfin wuta, ita ta yi zafi, injin ma ya yi zafi.

Sa'an nan duba gindin kurfi. Na waɗansu mai kusurwa shida ne, na waɗansu mai kwari ne wanda a ke kira SDS-max. Na wannan ba ya shiga bakin waccan. Tambayi mai kanti ko yana sayar da kurfinta da gawayinta. Injin da babu kayan gyaransa a kusa, ko kyauta aka ba ka, kaya ne kawai.

Yadda a ke fasawa

Kuskuren sabon hannu shi ne ya tsaya a tsakiyar daɓe ya kafa kurfi. Nan kankare ba shi da wurin gudu, sai kurfin ya yi ta nutsewa har ya maƙale. Ku tuna mun ce rauninsa wajen ja ya ke. Saboda haka fara daga gefe, kamar taƙi ɗaya daga baki, ka ɗan karkata kurfin wajen bakin. Sai ka ga ɓangare ya ɓalle. In da hali, a sa wani ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin bakin da diga, ko ya ɗaga daɓen kaɗan da dagi. Kankaren da ba shi da abin jingina a ƙasa ba ya gardama.

Kada ka danna da ƙarfinka. Nauyinta ya isa, kai dai riƙe ka bi da ita. In ka yi ƙirga zuwa goma sha biyar wuri bai tsage ba, ɗaga ka matsa kusa da baki. Kuma kada ka mai da ita dagi kana ɓanɓara da ita, gama haka ke karya kurfi da lalata bakinta. In kurfi ya maƙale, cire filogi, ka kwance shi daga injin, ka sa wani kurfin ka fasa gefensa har ya fito. Don haka mai hankali ba ya fita aiki da kurfi ɗaya. Mai tsini na fara tsaga ne, mai faɗi na bin tsagar, mai baki kamar shebur kuwa na marmara da ƙasa mai tauri. In ka iske rodi, ka bar shi, aikin zarton ƙarfe ne.

Akwai inda ba a taɓawa sai da izinin injiniya ko ƙwararren magini: ginshiƙi, da duk kankaren da ke ɗauke da bene ko rufi. Na taɓa ganin wani mai shago da ya so ya faɗaɗa ƙofa. Yaron da ya ɗauko bai san kankaren da ke bisa ƙofar shi ke riƙe da bango ba. Allah ya kiyaye ba a yi rasuwa ba, amma rabin bangon ya zubo, kuma gyaran ya ci abin da ya fi kuɗin injin. Haka nan murfin masai: kada ka tsaya a kan abin da ka ke fasawa. Tambayi mai gida ta ina bututun ruwa da wayar wuta suka bi.

Ƙurar nan ita ce babbar magana

'Yan'uwa, a nan na ke so ku kasa kunne. Ɓaraguzai in sun buge ka, nan take za ka sani. Ƙura kuwa ba ta da zafi, sai bayan shekaru. A cikin yashi da dutse akwai wani abu mai suna silika. In an farfasa kankare, ya kan tashi ya zama gari mai laushi wanda ido ba ya gani. Ya shiga can cikin huhu ya zauna, huhun ya yi tabo ya ƙage. Mutum ya fara tari, ya fara haki in ya hau tudu, daga baya ko tafiya masallaci ta gagare shi. Tabon nan ba ya warkewa, kuma mai shi ya fi saurin kamuwa da tarin fuka.

A shekarar 1930 aka fara huda wani dutse a Hawks Nest, cikin jihar West Virginia ta Amurka, don a bi da ruwan kogi. Leburori, yawancinsu baƙar fata, suka yi ta haƙa da injunan iska a bushe, ba ruwa, ba abin rufe hanci. Kafin 'yan shekaru ɗaruruwansu suka mutu. Binciken da majalisar ƙasar ta yi a 1936 ya ƙirga mutum 476.

Maganin abin ba tsada. A sa yaro babba ya riƙa yayyafa ruwa a inda kurfi ke duka, amma kada ruwan ya taɓa injin ko waya, kuma kada mai aikin ya tsaya cikin ruwa. A sa takunkumi mai lamba N95. Rawani ko ƙyalle yana tare ƙurar da ido ke gani ne kaɗai. A kori ƙananan yara daga wurin. In an gama, a jiƙa kafin a share.

Ƙararta ma tana cin kunne a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya komowa. A toshe kunne da abin toshewa na roba. A sa tabarau saboda tsakuwa mai tsalle, da takalmi mai rufi, ba silifa ba. Girgizarta kuwa, in ta yi yawa, tana kashe jijiyoyin yatsu, har mutum ya kasa ɗaura maɓallin riga. In ka ji yatsunka sun yi sanyi ko suna tsira, ajiye. Gara mutum biyu su riƙa karɓa-karɓa da a bar wa ɗaya yini guda. Janareto kuma a waje za a ajiye shi, nesa da ƙofa da bakin rami. Hayaƙinsa a ɗaki ko a rijiya kisa ya ke yi, ba tare da mutum ya ankara ba.

Kula da ita

Kullum kafin aiki a goge gindin kurfi a shafa masa giris. Waɗansu suna da ɗan gidan mai da tagar gilas, sai a duba kada ya ƙafe. Da sanyin safiyar hunturu man ya kan daskare, ta ƙi duka. Ba lalacewa ta yi ba, a bar ta ta yi minti ɗaya ko biyu tana juyawa. A cikinta akwai 'yan gawayi biyu masu kai wuta ga inji. Suna cinyewa da aiki. In ka ga tartsatsi ya yi yawa, ko ta riƙa tsayawa, a sake su duka biyu tare. In za a wasa kurfi, kada a bari ya yi zafi har ya koma shuɗi, gama ƙarfen zai yi laushi.

In kana ba da haya, sami littafi. Rubuta sunan mai ɗauka, da rana, da yawan kurfin da ka ba shi, ku gwada injin a gabansa kafin ya tafi. Cikin kuɗin da ya shigo, ware na fetur, ware na gawayi da kurfi da giris, sauran shi ne naka. Amma ni a ganina, ya fi ka bi abinka ka yi aikin da kanka, ko ka tura yaron da ka koya wa. Wanda ya yi haya yini ɗaya so ya ke ya gama kafin magariba, ba zai tsaya shafa giris ba.