Katin ATM ɗin Mamaci Ba Na Babban Ɗa Ba Ne

Tun ba a naɗe tabarmin zaman makoki ba, sai ka ji an fara cigiyar wayar mamaci da katinsa na ATM. Babban ɗa, ko ƙanin marigayi wanda dama shi ake aika cire kuɗi lokacin jinya, ya san lambar sirri. Sai ya zarce wajen mai POS na bakin layi. Yau an ciri na likkafani da masu haƙa kabari, gobe na buhun shinkafar sadakar uku, jibi kuɗin motar baƙin da suka zo daga ƙauye. Ba rubutu, ba shaida. In an yi magana ya ce, "Ai hidimar Baba ake yi." Kafin arba'in asusu ya rame, amarya tana cikin takaba da ƙananan 'ya'yanta, ba ta ma san nawa aka tarar ba.

Abin haushin, masu yin haka ba jahilai ba ne. Sun san cewa da rai ya fita, dukiya ta tashi daga hannun mai ita. A yi masa sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, saura na magada ne, har da jaririn da ke goye. To, da izinin wa aka dafa wa 'yan gaisuwa rabon maraya? Mai son yi wa mahaifinsa sadaka ya sa hannu a aljihunsa. A wajen banki kuma, ikon taɓa asusun ya ƙare da rasuwar mai shi, cire kuɗi da katinsa laifi ne. Takardar bayanin asusu kuwa ba ta rufa wa kowa asiri, duk cirewa tana nan da rana da lokaci. Ranar da alƙali ya sa aka kawo ta, nan ake jin kunya, nan zumunci ke tsinkewa.

Wani kuma ya kafe cewa sunansa marigayi ya rubuta a fom lokacin buɗe asusu, saboda haka kuɗin nasa ne. A'a. Shi ne dai wanda banki zai tuntuɓa.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. A rubuta wa banki a sanar da rasuwar, a haɗa da takardar shaidar mutuwa ta asibiti da ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Banki zai dakatar da cirewa, wanda shi ne abin da mutane ke gudu, wai "za su cinye". Ba ci ba ne, tsarewa ce. Daga nan a nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci a sashen gado na Babbar Kotun Jiha. A jihohin da ke da kotunan shari'ar Musulunci, alƙalin da ke rabon gadon kan rubuta wa banki, amma a fara tambayar bankin takardun da yake karɓa. Akwai kuɗin da ake biya, akwai kai-komo, ba na musu.

Idan izini ya fito, a buɗe asusu da sunan dukiyar marigayi, masu sa hannu su zama aƙalla biyu. Ni a ganina, in gidan mata biyu ne, kowane ɗaki ya ba da mutum ɗaya. Kuɗin hayar shaguna, bashin da ake biyo shi, kuɗin hatsin da aka sayar, duk su shiga nan, kada ko kwabo ya bi ta asusun wani ɗa. Abin da aka kashe a rubuta, a ajiye rasit.

Kada kuma a share wuri a kwanta. A ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2024, kuɗin da ya shekara 10 a asusun da ba a taɓawa ana mayar da shi hannun Babban Bankin, sai an bi matakai kafin a karɓo. A yi amfani da lambar BVN a binciko ko yana da asusu a wasu bankunan. Layin wayarsa kuma a damƙa shi ga wanda duk magada suka yarda da shi, kada a bari ya mutu, domin kamfani na iya sayar wa wani, saƙonnin banki su koma shiga wayar baƙo.