Hukuncin Karen Gadi Mai Tauna Kayan Yara

TAMBAYA:
Ina tambaya daga Gummi. Saboda ɓarayin shanu muka ajiye kare, amma ya addabe mu da tauna takalman yara da littattafansu na Islamiyya, har da na 'ya'yan maƙwabta. Shin kayan sun zama najasa? Kuma me ya hau kaina?

AMSA:
Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, sai dai karen farauta, kiwo ko gona. Malamai da dama sun haɗa da gadin gida idan akwai tsoro na gaske, irin halin da ake ciki a Gummi, Anka da Bukkuyum. An ruwaito cewa Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi.

A wajen Malikiyya yawun kare ba najasa ba ne, don haka kayan suna nan da tsarkinsu. Ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki ita ake wankewa sau bakwai. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ne, saboda haka wankewa ya fi.

Allo da littattafan da ke ɗauke da ayoyi kuwa, wajibi ne ka ɗaga su inda bakinsa ba zai kai ba. Ka ɗaure shi da rana kusa da garke, kana ba shi abinci da ruwa, ba duka ba.

Kayan maƙwabta haƙƙin mutane ne. Idan an yi maka magana kuma ka bar shi sake, biyan abin da ya ɓata yana kanka, sai in sun yafe.

Allah ne mafi sani.