Kafin Ka Biya Kuɗin Haya A Unguwar Da Babu Hayaniya

A Kano, da zarar ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya ɗan samu sukuni, abin da yakan fara faɗo masa a rai shi ne ya kwashe iyalinsa daga cunkoso ya koma inda za su sha iska. Wanda aljihunsa ya yi nauyi yakan nufi Nasarawa GRA ko Bompai. Mai matsakaicin ƙarfi kuma ya leƙa Hotoro, Tarauni, Kundila, Janbulo, Rijiyar Zaki ko rukunin gidaje na Danladi Nasidi. Haka zancen yake a Kaduna da Unguwar Rimi, Malali da Barnawa, haka kuma a Abuja da Gwarinpa ko Lokogoma. Wannan buri ba shi da aibu. Kowa yana son ya kwanta ba tare da ƙarar injin markaɗe ko hon ɗin Adaidaita Sahu a ƙarƙashin tagarsa ba, yana kuma son yaransa su taso nesa da majalisar 'yan shaye-shaye.

Sai dai akwai abin da masu neman irin waɗannan gidaje ba su cika lura da shi ba. A tsohuwar unguwa, kafin ka ƙarasa ƙofar gidan da za ka kama, masu zaman dakali sun riga sun faɗa maka wanda ya gina shi, da wanda ya gaje shi, da dalilin da ya sa mai hayar baya ya tashi. Mai unguwa ya san kowa, mai shayi ma ya san kowa. A unguwar da babu hayaniya kuwa, doguwar katanga ce da get ɗin ƙarfe, maƙwabci kan shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. Shirun da kake biyan kuɗi domin ka samu, shi ne kuma yake rufe maka aibin gidan da na mai nuna maka shi. Tun asali ma haka aka tsara wasu daga cikinsu: Turawan mulkin mallaka sun keɓe wa kansu unguwannin GRA ne da tazarar fili mai yadi 440 tsakaninsu da mazaunin mutanen gari. A irin wannan wuri, duk tambayar da ba ka yi da bakinka ba, babu mai amsa maka ita.

Wane ne mai gidan?

Wannan ce tambaya ta farko, kuma a kanta ne aka fi tafka asara. Riƙe makulli ba shaida ba ce. Maigadi yana da makulli, mai fenti yana da makulli, haka ma ɗan hayar da wa'adinsa ya kusa cika. Da yawa daga cikin masu gidajen nan suna zaune a wani gari ko a ƙasar waje, gidan kuma yana iya yin watanni a rufe. Wannan ne ke ba ɗan damfara damar shiga da mutum biyar ko goma a lokuta daban-daban, ya karɓi kuɗin kowa, ya sa musu ranar tarewa guda, sannan ya kashe wayarsa. Wasu ma ba sa wahalar da kansu da makulli: hoton gidan wani suke ɗorawa a Facebook ko WhatsApp da farashi mai rahusa, su ce a turo "kuɗin ganin gida" ko kafin alƙalami domin wai mutane sun yi layi a kansa.

Maganin wannan shi ne ka dage sai ka ga mai gidan ido da ido, ko kuwa wakilin da ke ɗauke da takardar wakilci, ka kuma yi magana da mai gidan ta waya a gabansa. Ka nemi ganin kwafin takardar mallaka, ka gwada sunan da ke jikinta da na katin shaidarsa da kuma sunan asusun bankin da za ka tura kuɗi. Idan sunayen uku ba su zo ɗaya ba, ka dakata sai an yi maka bayani a rubuce. Idan kuɗin mai yawa ne, lauya zai iya bincika maka a hukumar da ke ajiye bayanan filaye, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Wanda ya ce maka shi ƙwararren mai kula da kadarori ne, ka tambaye shi rajistarsa da hukumar ESVARBON. Dillalan unguwa kuwa, waɗanda yawancinmu muka fi hulɗa da su, akwai mutanen kirki sosai a cikinsu, kuma na kirkin yana da rumfa ko ofis da aka san shi da shi, ba ya jin haushi don ka ce ya kai ka wurin mai gida.

A yi hattara da gidan gado. Yakan faru magaji ɗaya ya ba da haya ba tare da sanin sauran ba, ka tare da wata biyu a zo a ce za a sayar a raba. In gidan na magada ne, ka nemi sa hannun wanda suka wakilta, da shaidu daga cikinsu. Dokar hana damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara, amma ɗaure ɓarawo ba ya nufin kuɗinka sun dawo.

Kuɗin da ba a faɗa tun farko

Farashin da dillali ya ambata maka a waya somin taɓi ne. A kansa akwai la'ada, wadda a manyan birane takan kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara. Akwai kuɗin lauyan da zai rubuta yarjejeniya, akwai kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarnar da ka iya faruwa, sannan a rukunin gidaje masu get akwai kuɗin hidima na shekara ko na wata: maigadi, 'yan sintiri, kwasar shara, man janareton burtsatse, fitilun layi. A misali, gidan da aka ce maka naira miliyan ɗaya, idan la'ada da lauya da ajiya kowanne ya ɗauki kashi 10, ka tashi a miliyan ɗaya da dubu ɗari uku tun ba ka sayi labule ba.

Saboda haka ka ce a rubuta maka jimlar duk abin da za ka biya kafin ka fitar da ko sisi. Ka tambayi sharaɗin dawo da kuɗin ajiya da lokacin dawo da shi. Kada ka miƙa tsabar kuɗi hannu da hannu. Ka tura ta banki, ka rubuta dalilin turawar, ka karɓi rasit mai ɗauke da adireshin gidan, ranar fara haya da ranar ƙarewarta. Mai gidan da ya nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule, ka yi ciniki da shi. A Legas, dokar haya ta 2011 ta haramta karɓar fiye da na shekara ɗaya daga sabon mai haya a yawancin sassan jihar. Ko a inda babu irin wannan doka, duk wanda ya zube kuɗin shekara biyu ya rasa abin da zai riƙe mai gida da shi ranar da rufi ya fara zuba.

Wuta da ruwa

Unguwanni masu tsari sukan fi samun wuta, amma wutar tana da farashinta. An raba masu amfani da lantarki zuwa rukuni biyar, daga A zuwa E, kuma 'yan rukunin A su ne aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashinsu zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. A wancan farashi, gidan da ke shan yunit 300 a wata zai biya naira 67,500, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a shekarar shi ne naira 70,000. Don haka ka tambayi rukunin da layin yake kai kafin ka yi murnar ganin fitila a kunne.

Ka duba mita. Ta kati ce ko bil ake kawowa? Taka ce kai kaɗai ko ta tarayya ce da sauran 'yan haya? Mitar tarayya ta raba zumunci da yawa, domin mai firji ɗaya ba zai daɗe yana biyan kuɗin mai na'urar sanyaya ɗaki uku ba. Ka ɗauki lambar mitar ka je ofishin kamfanin rarraba wuta, wato KEDCO a Kano, Jigawa da Katsina, a duba maka ko akwai tsohon bashi. NERC ta bayyana cewa bashin wuta na wanda ya sha ne, ba na sabon mai haya ba, amma gara a warware batun a rubuce kafin ka tare da ka riƙa sintiri a ofis bayan an fara zare shi daga katin da kake saya. Ka kuma duba ko an yi satar hanya a bayan mitar, domin ranar da aka kama, wanda ke cikin gidan za a fara tuhuma.

Ruwa ya fi wuta muhimmanci. Ruwan famfo daga matatun Challawa da Tamburawa bai isa sababbin unguwanni da dama ba, burtsatse da rijiya ake dogaro da su. Ka buɗe famfo da hannunka, ka ɗanɗana ruwan, ka tambayi wanda zai gyara injin idan ya ƙone. Ka tambayi ko rijiyar tana ƙafewa a watan Afrilu da Mayu. Ka auna da ido tazarar da ke tsakaninta da ramin sokawe, domin idan sun yi kusa, taifot da gudawa ba za su bar yara ba. A unguwa mai nisa da titi, ko 'yan garuwa sai sun ƙara kuɗi kafin su turo kura.

Ka je lokacin da ba a gayyace ka ba

Dillali yakan kai ka gida da hantsi, lokacin da komai ya yi kyau. Ka koma kai kaɗai bayan sallar isha'i. A nan za ka san ko gidan da ke bayan katanga wurin biki ne da ake kiɗa har tsakar dare, ko masaukin baƙi, ko kuma akwai ƙaton janareto da ke kwana yana ruri. Ka koma da safiyar ranar aiki, domin gidaje da yawa a waɗannan unguwanni sun zama makarantun kuɗi da ofisoshi, layin da ka gani fayau ranar Asabar yakan toshe da motoci ranar Litinin.

Idan da hali, ka ga gidan da damina, musamman a watan Agusta. In da rani ne, bango zai ba ka labari: tabon ruwa a silin, fentin da ya kumbura daga ƙasa, sabon fenti a kusurwa ɗaya kawai, ko layin laka a jikin katanga. Ka duba ko layin yana da magudanar ruwa, ko kuwa an yi ginin a kan tsohon kududdufi ko hanyar ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka in za ka iya samun wanda ya tashi daga gidan, hirar minti goma da shi ta fi yawon yini guda da dillali. In ba ka same shi ba, ka yi salla a masallacin layin, ka gaisa da liman, ka zauna da mai kanti da masu gadi, ka kai gaisuwa wurin mai unguwa.

Tsaro ma yana cikin abin dubawa. Layin da babu mai wucewa, babu mai jin ihu a cikinsa. Ka ƙirga kangwaye da filayen da ciyawa ta rufe a kewaye, ka tambayi nisan ofishin 'yan sanda da asibitin da ke buɗe da dare. Ka lissafa kuɗin zirga-zirga. Tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a 2013, Adaidaita Sahu ce abin hawan talaka, kuma ba kowane lungu take shiga ba sai da shata. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, rahusar da aka samu a gidan bayan gari tana iya ƙarewa a kan hanyar makaranta da kasuwa. Uwargida ce za ta wuni a gidan, don haka a je da ita, a ji ta bakinta.

A rubuta, a sa shaidu

Yawancin rigimar haya daga "ai mun yi magana da baki" take farawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa a haya dole a san kuɗi a san wa'adi. Neman rubutu ba rashin yarda ba ne. Takardar ta ƙunshi sunayenku, kuɗin, wa'adin, wanda gyaran rufi da sokawe da burtsatse ke kansa, yadda za a sanar da ƙarin kuɗi, abin da zai faru idan aka sayar da gidan, da tsawon notis. Ranar karɓar makulli ka ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar da mita ta nuna, ka tura wa mai gida. Kada ka kashe kuɗi wajen gyara sai ya amince a rubuce cewa za a cire daga haya.

Ka san haƙƙinka. A dokar da ke aiki a Abuja, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai hayar wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai hayar shekara-shekara kuma na wata shida, sannan a ƙara masa sanarwar kwana 7 kafin a je kotu. Jihohi suna da nasu dokokin, lauya zai faɗa maka na jiharka. Abin da kotunan Nijeriya suka tsaya a kai shi ne, mai gida ba shi da ikon cire rufi, ko garƙame ƙofa, ko watso kayan ɗan haya waje da ƙarfin tuwo. Kotu ce ke fitar da mutum. Kai ma akwai haƙƙi a kanka: ka biya a kan lokaci, kada ka saka wani a gidan ko ka mayar da shi shago ba da izini ba, ka kuma bar shi yadda ka same shi.

Jama'a, kuɗin hayar shekara gumin watanni ne, wani ma sai da ya sayar da kadara ko ya ci bashi ya haɗa su. Duk wanda ya ce maka "ka biya yau, gobe wani zai ɗauka", ka bar wa wanin. Gidajen haya ba za su ƙare ba. Ka ga mai gida, ka ga takarda, ka ga unguwar da dare, ka tambayi mutanen layin, sannan ka biya.