Saitin Jan Ɗigo: Awon Nisa da Hasken Leza a Agege

Agege, wadda layin dogo da fataucin goro suka jawo Hausawa zuwa Zangonta tun zamanin Turawa, ta zama wurin da taku ɗaya na ƙasa yake da tsada, musamman bayan buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021, don haka awon fili ko na shago ba abin da za a yi da ƙiyasin ido ba ne. Wannan ya sa na'urar auna nisa da leza ta cancanci kulawar magina da kafintoci da masu shimfiɗa tayil.

Leza haske ne mai launi ɗaya wanda yake tafiya a tsuke kamar zare, kuma na'urar tana harba shi ga bango, ta karɓi abin da ya dawo, sannan ta lissafa nisan bisa gudun haske, wato kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Kamfanin Leica ne ya fitar da irinta ta hannu, mai suna DISTO, a 1993, kuma kuskuren masu kyau daga cikin irin waɗannan na'urori ba ya wuce milimita biyu.

Sai dai na'urar tana auna inda jan ɗigon haskenta ya sauka ne, ba inda mai riƙe da ita ya nufa ba, kuma a nan ne yawancin ɓarna take faruwa. Idan bango yana nesa da mita 20, amma hannu ya karkata har ɗigon ya hau sama da mita 2, za a karanta mita 20 da santimita 10, ƙarin da ya isa ya lalata yankan katako ko ya haddasa jayayya tsakanin maƙwabta. Ranar Legas tana ɓatar da ɗigon da tsakar rana, gilashi da ruwa suna ruɗar hasken, saboda haka ya kamata a kafa na'urar a kan abu mai ƙarfi, a sa farin allo a wurin da ake nufi, a tabbatar ko daga gindinta take ƙirgawa ko daga bakinta, sannan a maimaita awon. Haska ta a idon mutum kuwa haɗari ne.

Game da iyakar fili, awon wannan na'ura ba hujja ba ne a gaban hukuma, don haka duk wanda zai sayi fuloti a Agege ya nemi safiyo mai rajista kafin ya biya kuɗi.