Zoɓo Mai Sanyi: Daga Gona Daɗinsa Ke Fitowa

Duk wanda ya taɓa yin bazara a ƙasar Hausa ya san abin da kofin zoɓo mai sanyi ke yi wa maƙogwaro. In rana ta take, ɗan dako ya sauke kaya, ɗan kasuwa ya ja jiki cikin rumfa, akawu ya fito daga ofis yana fifita da takarda, kowa sai waiwayen mai tallan zoɓo. Balle kuma a ce azumi ya faɗo cikin zafi. Amma kaɗan ne daga cikin masu sha ke tunawa da cewa jan nan da tsamin nan da suke yabo ba mai dafawa ce ta sa su ba. Manomi ne ya kawo su tun daga gona, kuma shi ne ke iya ɓata su tun kafin kaya su isa kasuwa.

Zoɓo, ko soɓorodo, daga jikin yakuwa yake fitowa, wadda waɗansu ke kira sure. Mutane suna ce masa fure, amma ba furen ba ne. In furen ya buɗe ya faɗi, sai kwanson da ke riƙe da shi ya yi kauri ya yi ja, ya rufe ƙwallon iri. Wannan kwanso shi ake ɓarewa a shanya. Ganyen a yi miya ko fate da shi, irin kuwa, watau gurguzu, a yi daddawar batso. Ba abin yarwa a jikinta.

Abin Sha Na Duniya

Ba Hausawa kaɗai suka san daɗinsa ba. A Masar da Sudan ana ce masa karkade, ana shansa da zafi, ana shansa da sanyi. A Senegal bisaf ne, a Gana sobolo. Mutanen Meksiko suna kiransa ruwan Jamaika, suna sha tare da abinci kamar yadda ake shan kunun zaki a nan. A Jamus kuwa kamfanonin shayi suna gauraya shi da busassun 'ya'yan itatuwa, su ɗura cikin 'yan jakunkunan takarda, don shi ke ba irin wannan shayi launi da tsami. A Amurka wani kamfani mai suna Celestial Seasonings ya fitar da shayin Red Zinger a shekarar 1972, zoɓo ne jigonsa.

Shan shayi da ƙanƙara kuwa tsohuwar al'ada ce a Amurka. Ta ƙara yaɗuwa bayan babban baje kolin da aka yi a birnin San Luwis a shekarar 1904, inda zafi ya sa jama'a suka yi ta rububin mai sanyi. Yanzu kuma an ƙara wata dabara, watau jiƙa ganyen cikin ruwan sanyi, ba tare da an ɗora shi a wuta ba. Ko ainihin ganyen shayi, irin wanda ake nomawa a Kakara bisa tsaunin Mambila cikin Jihar Taraba, in an jiƙa shi haka ya kwana, ba ya yin bauri kamar dafaffe. Dalili kuwa, ruwan sanyi ba ya janyo abin da ke kawo baurin da yawa, kuma yana rage sinadarin nan da ke hana barci. Shi zoɓo dama ba shi da wannan sinadari ko kaɗan, shi ya sa yaro da tsoho ke shansa da dare su yi barcinsu.

Yadda Ake Jiƙa Shi

A tafasa ruwa lita ɗaya, a bar shi ya huce sarai. Kada a raina wannan, gama zoɓon da ba za a dafa ba, tsabtarsa duk tana ga ruwan. A ɗebi busasshen zoɓo cike da tafin hannu, a ɗauraye shi maza-maza don ƙura ta fita, a zuba cikin kwalba ko langa mai murfi. Kada a jiƙa cikin tukunyar ƙarfe ko ta alminiyam, don tsamin yana cin ƙarfe, sai ɗanɗanon ya canza. A sa cikin firji awa takwas zuwa goma sha biyu. Wanda ba shi da firji ya rufe kwalbar da kyau ya tsoma ta cikin randa da magariba, da safe ya tace, ya shanye a ranar. Kada a ajiye shi a rana wai don ya yi saurin jiƙa, ruwa mai ɗumi-ɗumi shi ne gidan ƙwayoyin cuta.

Kayan ƙamshi kowanne da halinsa. Citta da kanumfari ba su sakin ƙamshinsu sosai a ruwan sanyi, saboda haka a dafa su dabam cikin ɗan ruwa kaɗan, a narkar da sukari a ciki tun da zafinsa, in ya huce a zuba. Na'a-na'a da ɓawon abarba da aka wanke, su a jiƙa su tare da zoɓon. Lemun tsami sai an zo sha, 'yan ɗigo kaɗan za su ƙara masa haske. Kanwa kuwa tana kashe tsami, amma tana mai da jan ya koma duhu, don launin zoɓo da tsami yake tafiya. A kuma yi hattara da sukari. Sanyi yana rage wa harshe jin zaƙi, sai mutum ya yi ta ƙarawa bai sani ba.

Akwai kuma maganar lafiya. Masana a Jami'ar Tufts ta Amurka sun buga sakamakon wani gwaji a shekarar 2010. Mutum 65 aka yi gwajin da su, waɗanda jininsu ya fara hawa. Waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, awon jininsu na sama ya sauka da kamar maki bakwai. Wannan ba ya nufin mai hawan jini ya jefar da maganin likita. Abin da ya kamata shi ne ya gaya wa likitansa yana sha, ya kuma rage sukari.

Ruwan Sanyi Ba Ya Rufa Asiri

To, ga inda maganar ta shafi manomi da ɗan kasuwa. Zoɓon da aka dafa aka cika shi da sukari da citta yana ɓoye laifi mai yawa. Wanda aka jiƙa a ruwan sanyi, ba komai a ciki, ba ya ɓoye ko ɗaya. In an shanya shi a ƙasa, yashi zai kwanta a gindin kofi. In bai bushe ba aka ɗure shi a buhu, warin fumfuna zai tashi. In ya daɗe a rana bayan ya bushe, ko ya shekara a ɗaki, ruwan zai fito ja-ja mai kama da ƙasa maimakon jan garura. In an ajiye shi kusa da kananzir ko taki ko barkono, hanci zai faɗa tun kafin baki.

Masu sayen kaya na ƙasashen waje da ido da hanci da harshe suke yanke farashi. A cinikin ganyen shayi har ƙa'ida aka kafa ta duniya: giram biyu na ganye ga ruwa mililita ɗari, a bar shi minti shida, sa'an nan a ɗanɗana. Ba abin da zai hana manomin zoɓo yin irin nasa gwajin. Ya samu kofi biyu na gilashi, ya sa nasa a ɗaya, ya sa mafi kyau da ya samu a kasuwa a ɗayan, daidai wa daida, su kwana cikin ruwa. Da safe ya ɗaga su ga haske, ya sansana, ya kurɓa ba sukari. Abin da ya gani shi mai saye zai gani. Dillali a Dawanau ko Maigatari ma in ya yi haka kafin ya biya kuɗin buhu ɗari, ya tsare dukiyarsa.

Aikin Da Ke Kan Manomi

Yakuwa ba ta da wuyar sha'ani. Tana jure ƙarancin ruwa, tana yi a jigawa, shi ya sa ake shuka ta a Jigawa da Kano da Katsina da kudancin Nijar, sau da yawa a gefen gero ko a kan iyakar gona. Sai rana ta fara gajarta a ƙarshen damina take yin fure, a girbe da kaka. Wahalar duk tana ga girbi da shanya.

Da farko, kada a haɗa iri. Mai ja sosai dabam, fari dabam, gama mai saye launi ɗaya yake so cikin buhu. Na biyu, a tsinke kwanson in ya cika ya yi kauri, kada a bari ya bushe a kan kara har ƙwallon ya fashe. Na uku, a ɓare a fitar da ƙwallon iri tun yana ɗanye. Na huɗu, a shanya kan tabarma ko tamfol mai tsabta, ko kan gado da aka ɗaga daga ƙasa, a baza shi ba mai kauri ba, a riƙa juyawa, a kori kaji da awaki. Da yamma a kwashe saboda raɓa. Ya bushe ke nan in an matsa shi ya karye ƙaras. Ɗanye kilo goma, abin da zai rage bayan shanya bai fi kilo ɗaya da ɗan kai ba. Wannan ne ke sa waɗansu yayyafa ruwa ko barin yashi don nauyi ya ƙaru. Ribar kwana ɗaya ce, asarar shekaru.

Na biyar, ajiya. A sa cikin sabon buhu, ba wanda aka ɗauki hatsi ko taki da shi ba, a jera kan katako nesa da bango, cikin ɗakin da aka share aka kuma raba shi da tsohon hatsi, don daga nan ƙwari ke tasowa. Kada kowa ya zuba maganin ƙwari kai tsaye kan abin da mutane za su jiƙa su sha. In ana bukatar turara sito, a nemi malamin gona ko ma'aikatan da aka ba izinin wannan aiki.

Wannan gargaɗi ba tatsuniya ba ce. Meksiko tana cikin manyan masu sayen zoɓon Nijeriya, amma a shekarar 2018 aka dakatar da kai mata shi, saboda an sami ƙwaron sito cikin waɗansu kaya da suka isa can. Aka yi shekaru kafin a daidaita a sake buɗe hanya, bisa sharaɗin sai an turara kaya an duba su kafin su bar ƙasa. Ƙwaron cikin buhunan mutane kaɗan aka same shi, amma rufe kasuwar ya shafi har manomin da bai taɓa jin sunan Meksiko ba. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Saboda haka manomin da ya shanya zoɓonsa a bana, kafin ya ɗinke bakin buhu, ya ɗebi tafi ɗaya ya jiƙa ya kwana. In ya fito ja wur, ba yashi, ba wari, ya yi tsami mai daɗi, to, ya kai kasuwa ya tsaya kan farashinsa, sayen nagari mai da kuɗi gida ne. In kuwa ya ga laifi, ya san abin da zai gyara baɗi. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya sa a girbe lafiya, amin.