Kada A Yi Wa Mai Jifa Gaggawar Girma

A Amurka, inda 'yan mata ke buga wasan sofbol, iyaye kan matsa a ɗaga 'yarsu mai jefa ƙwallo zuwa rukunin yayyenta da zarar ta gagari sa'o'inta. Ni dai ina ganin a yi hattara. 'Yan shekara 10 zuwa ƙasa na jifa ne daga nisan ƙafa 35, da ƙwallo mai kewayen inci 11. A rukunin 'yan 12 kuwa, nisan ƙafa 40 ne, ƙwallon inci 12. Ƙaramin hannu zai jigata, kaifin jifar ya dushe. Idan mai horarwa ya zaunar da ita a benci, me ta ƙaru da shi? Ta yi atisaye da manya, amma ta yi gasa da sa'o'inta. Sannu ba ta hana zuwa.