Lasifika Mai Tsada Da Mai Bakin Kakaki: Wacce Ta Fi Amfani A Kafanchan?

Duk wanda ya kwana a Kafanchan ya san da lasifika garin ke tashi. Da asuba ladanai na kiran salla, ranar Lahadi majami'u su ɗauka, masu tallar magani kuma suna tashar mota. Masu hali sun koma sayen manyan akwatuna masu tsada irin na JBL da Yamaha, suna ganin in kuɗi ya yi yawa sauti zai yi kyau. To, shin haka abin yake?

Tun 1925, da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka bayyana irin lasifikar da ake amfani da ita, dabarar ɗaya ce: wutar lantarki da maganaɗisu su girgiza wani faifai, shi kuma ya girgiza iska. Lafiyayyen kunne yakan ji girgiza daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa guda. Akwati mai tsada yakan raba aikin, wato babban faifai ya ɗauki kauri, ƙarami ya ɗauki siririn sauti. Shi ya sa in Zumuntar Mata suna waƙa, za a ji gumzar tulu daban, caki daban, muryoyi kuma tas.

Amma fa yana da nasa cikas. Na farko, yana cin wuta, kuma wutar da ke hawa da sauka takan ƙona amfilifaya. Na biyu, ba ya rufa asiri: in makirufo ba shi da kyau, ko mawaƙi ya kauce, kowa zai ji. Na uku, yawancin majami'u da masallatai na wannan yanki rufin kwano ne da bangon siminti, sauti ya bugi bango ya dawo, huɗuba ta cakuɗe komai tsadar kayan. Ga ƙurar hunturu, ga damina mai ƙarfi da ke lalata katako da faifai.

Ita kuwa mai bakin kakaki, irin ta Ahuja ta Indiya ko TOA ta Japan, da batirin mota ma sai ta kai magana nesa, ruwan sama bai dame ta ba. Aibinta shi ne ba ta fitar da kauri, ganga takan koma kamar ana buga gwangwani. A fili irin na bikin Afan da ake yi a Kagoro kowace 1 ga Janairu, ita ta fi isar da sanarwa, akwati kuma ya fi dacewa da kiɗa.

Saura batun kunne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a wuraren kiɗa ya wuce desibel 100. A gari irin Kafanchan, inda Musulmi da Kirista ke zaune gida kusa da gida, ƙure murya na iya ɓata maƙwabtaka.

Saboda haka, kafin kwamiti ya kashe kuɗin da jama'a suka tara, ya gwada lasifikar a cikin ɗakin da za ta yi aiki. Sau da yawa silin da labule da ƙananan lasifikoki huɗu a rarrabe sun fi ƙatuwa guda amfani.